A San Sunan Cuta Kafin A Zaro Wuƙa: Tawayar Jijiyoyi Da Maganinta Ta Hanyar Hoto

Gabatarwa

A kowane gari ana haihuwar jarirai da wata alama a jiki wadda ba a saba gani ba. Wani a haife shi da jan tabo shimfiɗe a ɓarin fuska, wani da kumburi mai laushi a wuya ko a hammata, wani kuwa sai ya fara tasawa sannan a lura leɓensa ko harshensa ko tafin hannunsa yana ƙara kauri, idan ya yi kuka ko ya sunkuya abin ya daɗa cika. Iyaye kan kira waɗannan abubuwa da sunaye iri-iri: tawadar Allah, ko ƙari, ko ƙurji, ko kuwa kawai a ce kumburi. Da yawa daga cikinsu ba su da wata illa. Amma akwai waɗanda asalinsu jijiyoyi ne da suka ginu ba bisa tsari ba tun yaro yana cikin mahaifa, kuma irin waɗannan idan aka sa musu aska ko aka yi musu sakiya, jinin da zai ɓalle yana iya fin ƙarfin duk wanda ke wurin.

Masana suna kiran wannan lalura tawayar jijiyoyi. Shekaru da dama abin da likita ya mallaka a kanta bai wuce wuƙar tiyata ba, kuma sau da yawa wuƙar takan bar baya da ƙura. Daga wajejen 1960 zuwa yau wani reshe na aikin likita ya bunƙasa wanda ya sauya wannan labari, watau magani da jagorancin hoto, inda likita ke kallon cikin jiki a allon na'ura yana tura allura ko siririn bututu har inda cutar take, ba tare da ya farke fata ba. Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne, babbar fa'idar wannan fanni ita ce yana tilasta wa likita ya san ainihin jijiyar da ta tawaya kafin ya taɓa ta, kuma kaso mai yawa na aikin yana yiwuwa da kayan da ba su fi ƙarfin asibitocin koyarwa na ƙasar Hausa ba, muddin an horar da masu yin sa.

Yadda Jijiyoyi Ke Tawaya

Duk ɗalibin da ya karanta darasin zagayen jini ya san cewa zuciyar babban mutum tana tura kimanin lita 5 na jini a kowane minti yayin da yake hutawa. Jinin yana fita ta jijiyoyi masu bugawa, waɗanda bangonsu ke da kauri domin jure ƙarfin turi, ya ratsa siraran jijiyoyi da suka fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, inda yake sauke iska da abinci, sannan ya komo zuciya a hankali ta jijiyoyi masu maidowa, waɗanda bangonsu ba shi da kauri sosai. Ban da waɗannan uku akwai hanya ta huɗu, ta ruwan limfi, watau farin ruwan da ke tsattsafowa daga siraran jijiyoyi, ya bi ta kaluluwa a tace shi, ya sake komawa cikin jini.

Wanda ya taɓa ganin noman rani a Kadawa zai fahimci wannan tsari da sauƙi. Ruwa yana tasowa daga madatsar Tiga ta babbar hanya da ƙarfi, a rarraba shi ta ƙananan hanyoyi zuwa gonaki, abin da ya saura ya bi magudana ya fice. Idan babbar hanya ta ɓalle kai tsaye cikin magudana, gonakin da ke gaba za su rasa ruwa, magudanar kuma ta zaizaye, domin ba a gina ta don irin wannan ƙarfi ba.

Jijiyoyin ɗan tayi suna fara ginuwa a mako na 3 bayan ɗaukar ciki, zuciya kuma ta soma bugawa a wajejen kwana na 22. Idan aka sami kuskure a wannan gini, abin da zai biyo baya ya danganta da hanyar da kuskuren ya shafa. Idan siraran jijiyoyin fata ne suka buɗe fiye da kima, sai a ga tabo shimfiɗaɗɗe, ja ko mai duhu. Idan jijiyoyi masu maidowa ne, sukan zama jakunkuna masu laushi da jini ke kwanciya a ciki, har wani lokaci ya daskare ya zama 'yan ƙananan tsakuwoyi masu zafi. Idan hanyoyin limfi ne, sai a sami jakar ruwa, galibi a wuya ko hammata. A waɗannan iri uku gudun ruwa a hankali yake. Iri na huɗu shi ya fi haɗari, watau inda jijiya mai bugawa ta haɗe da mai maidowa ba tare da siraran jijiyoyi a tsakani ba, kamar dai babbar hanyar ruwa da ta ɓalle cikin magudana. Dunƙulen jijiyoyin da ke wurin haɗuwar likitoci suna kiran sa sheƙa, domin a hoto ya yi kama da sheƙar tsuntsu.

Ilmin gadon halitta ya bayyana musabbabin abin. A shekarar 1996 aka gano cewa sauyi a ƙwayar gado mai suna TEK yana jawo tawayar jijiyoyi masu maidowa a wasu zuriyoyi, a 2009 kuma masu bincike a Burasal ta ƙasar Beljiyam suka sami irin wannan sauyi a jikin kumburin mutanen da babu mai cutar a danginsu. Daga nan aka danganta jan tabon fuska da GNAQ a 2013, jakar limfi da PIK3CA a 2015, sheƙar cikin ƙwaƙwalwa kuma da KRAS a 2018. A mafi yawan marasa lafiya sauyin yana faruwa ne a cikin 'yan ƙwayoyin halitta ƙalilan yayin da tayi ke ginuwa, sauran jiki lafiya lau. Saboda haka babu hujjar ɗora wa uwa laifi a kan abin da ta ci ko ta gani da ciki, haka kuma cutar ba ta yaɗuwa daga yaro zuwa yaro.

Kama Da Wane Ba Ta Wane

Fiye da shekara ɗari likitoci suna kiran kusan kowane kumburin jini da suna ɗaya, himanjiyoma, kuma wannan ruɗani ya cutar da yara masu yawa. Wasu aka ce wa iyayensu su jira abin zai baje da kansa, alhali ba zai taɓa bajewa ba. Wasu aka yanke musu abin da da an ƙyale shi zai tafi. A shekarar 1982 wani likitan tiyata, John Mulliken, da wata masaniyar ilmin halittu, Julie Glowacki, a birnin Bostan na Amurka, suka duba samfuri 49 a ƙarƙashin madubin ƙara girma, suka lura da ƙwayoyin halittar da ke shimfiɗe a cikin bangon jijiya. A wasu samfuran ƙwayoyin suna rarrabuwa da sauri kamar na kowane ƙari. A wasu kuwa ƙwayoyin suna zaune lafiya, ginin jijiyar ne kawai ya karkace. Daga nan suka raba lalurar gida biyu: ƙarin jijiya da tawayar jijiya. Ƙungiyar masana wannan fanni ta duniya, ISSVA, ta karɓi wannan rabo a 1996, ta kuma faɗaɗa shi a 2014 da 2018.

Bambancin yana da amfani ga majinyaci kai tsaye. Himanjiyomar jarirai, wadda nazarce-nazarcen Turai da Amurka suka nuna tana samun jarirai 4 zuwa 5 cikin 100, takan bayyana makonni kaɗan bayan haihuwa, ta girma da sauri a watannin farko, sannan ta riƙa motsewa da kanta cikin shekaru. Wadda ta tsaya a wuri mai haɗari, kamar ido ko maƙogwaro, tana da magani na sha tun 2008, lokacin da likitoci a birnin Bordo na Faransa suka lura cewa furofaranolol, wanda suka ba wani jariri saboda zuciyarsa, ya motsar da himanjiyomar da ke fuskarsa. Tawayar jijiya kuwa da ita ake haihuwar yaro ko da ba a gan ta a ranar ba, tana girma tare da shi, takan tsananta lokacin balaga ko ɗaukar ciki ko bayan rauni, kuma furofaranolol ba ya warkar da ita.

Tsohon ruɗanin bai gushe da sauƙi ba. Wani nazari da aka buga a 2011 ya duba maƙalu 320 na likitoci da suka yi amfani da kalmar himanjiyoma, ya tarar kashi 71 cikin 100 sun sa ta a inda ba muhallinta ba ne. Idan haka lamarin yake a mujallun ƙwararru, mai karatu zai iya ƙiyasta yadda yake a ƙaramin asibiti ko a zauren wanzami.

Idon Da Ke Gani Cikin Jiki

Binciken yana farawa da hannu da kunne. Tawayar jijiya mai maidowa tana da laushi, idan aka matsa ta sai ta lotsa, idan aka saki ta sake cika a hankali, idan aka ɗaga gaɓar sama ta ragu. Jakar limfi mai girma idan aka haska mata tocila a ɗaki mai duhu, hasken yakan ratsa ta. Sheƙa kuwa tana da ɗumi fiye da fatar da ke kewaye da ita, tana bugawa, tana rawa a ƙarƙashin yatsa, kuma ana jin ƙugin jini idan an kara abin sauraren ƙirji. Akwai abin lura a nan ga ƙasashen baƙar fata. Littattafan likita da aka rubuta a Turai suna dogara ƙwarai da launi, suna cewa wannan shuɗi ne, wancan ja ne, alhali a baƙar fata waɗannan launuka ba su fitowa sosai. Wannan ya sa taɓawa da hoto suka fi muhimmanci a wurin likitan da ke aiki a Kano ko Damagaram.

Mataki na biyu shi ne na'urar sikanin, irin wadda ake duba mata masu ciki da ita. Tana aika sautin da kunne ba ya ji cikin jiki, ta zana hoto daga amsa-kuwwarsa. Idan aka haɗa ta da ƙa'idar da Christian Doppler na ƙasar Ostiriya ya bayyana a 1842, cewa sauti yana sauya amo idan abin da ya fito daga gare shi yana motsi, sai ta nuna saurin jini da inda ya dosa. Cikin 'yan mintoci, ba allura ba hasken eksire, likita zai amsa tambaya mafi girma: jinin da ke cikin kumburin nan kwance yake ko a guje yake? Mataki na uku shi ne hoton maganaɗisu, MRI, wanda ke nuna zurfin tawayar da yadda ta kutsa cikin tsoka da ƙashi, domin sau da yawa abin da ido ke gani a fata ɗan kaɗan ne daga abin da ke ciki.

Mataki na ƙarshe shi ne hoton cikin jijiya, kuma yana da tarihi mai tsawo. Wilhelm Rontgen ya gano hasken eksire a Jamus a 1895, amma jijiya ba ta fitowa a hoton sai an zuba mata rini. Egas Moniz na Fotugal ya ɗauki hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwar mutum mai rai a 1927 da rini mai sinadarin aidin. A 1953 Sven Seldinger na ƙasar Suwidin ya fito da dabarar da har yau ake bi: a soka allura cikin jijiya, a zura siririyar waya ta cikinta, a zare allurar, a zura bututun roba mai suna kateta a kan wayar, sannan a zare wayar. Ta wannan ɗan huji a gindin cinya ko a wuyan hannu ana iya kai kateta har cikin ƙwaƙwalwa. A ranar 16 ga Janairu 1964 Charles Dotter, a jihar Oregon ta Amurka, ya buɗe toshasshiyar jijiyar ƙafar wata tsohuwa mai shekara 82 wadda ta ƙi yarda a yanke mata ƙafa, ta kuwa ci gaba da takawa da ƙafarta. Tun daga ranar kateta ta zama kayan magani bayan kasancewarta kayan bincike.

Allura Da Kateta

Idan hoto ya nuna jinin kwance yake, maganin da aka fi farawa da shi shi ne allurar busar da jijiya. Likita yana kallon allon sikanin ya soka allura cikin jakar, ya zuƙe ruwan idan ta limfi ce, sannan ya zuba sinadarin da zai ƙona shimfiɗar cikin bangon, bangon ya manne da juna, jakar ta tsuke. Sinadaran da ake amfani da su suna da yawa. Tsantsar etanol ita ta fi ƙarfi, ita kuma ta fi haɗari, domin tana iya kashe fata ko jijiyar motsi, idan ta yi yawa ma ta taɓa zuciya da huhu, shi ya sa ba a ba da ita sai majinyaci yana cikin barcin tiyata kuma a hannun gwani. Akwai wasu sinadarai masu kama da sabulu da ake kaɗawa da iska su yi kumfa, kumfar ta kori jinin ta daɗe tana taɓa bango. Likitocin Japan sun ba da gudummawa biyu: a 1977 suka fara zuba biliyomaisin, maganin ciwon daji, cikin jakar limfi, a 1987 kuma a birnin Kiyoto suka gwada OK-432, wanda ake haɗawa daga kasassun ƙwayoyin bakteriya. Likitoci a Firitoriya ta Afirka ta Kudu sun buga sakamakon aikinsu da biliyomaisin a 2004, abin da ya nuna cewa aikin yana yiwuwa a wannan nahiya. Manyan jakunkunan limfi sun fi kowane iri jin wannan allura, ƙananan jakunkuna masu kama da saƙar zuma kuwa sun fi taurin kai. Galibi sai an maimaita allurar sau da dama, da tazarar makonni tsakani.

Idan jinin a guje yake, aikin ya koma toshewa ta cikin jijiya. Alfred Luessenhop na Amurka ne ya fara gwada wannan a ƙwaƙwalwa a 1960, inda ya saki ƙananan ƙwallayen roba cikin jijiyar wuya domin jini ya kai su su toshe sheƙa. Yau ana tura kateta mai siranta kamar zare har bakin sheƙar, a zuba gam na musamman mai daskarewa da zarar ya haɗu da jini, ko wani narkakken sinadari mai suna Onyx, wanda Amurka ta amince da shi a 2005, ko etanol, ko kuma a cusa murɗaɗɗun wayoyin filatinam. A nan ne sanin ginin cutar ke raba mai gyara da mai ɓarna. Likitocin da suka gabata sukan ɗaure babbar jijiyar da ke shayar da sheƙa, suna zaton an gama. Amma sheƙar takan janyo jini ta wasu ƙananan jijiyoyi ta dawo fiye da da, ga kuma ƙofar da kateta za ta bi an rufe. Abin da ake nufa da toshewa ita ce sheƙar kanta. Sau da yawa akan toshe ta kwana ɗaya ko biyu kafin tiyata, domin mai wuƙa ya yi aiki ba tare da jini ya rufe masa ido ba.

Misalai biyu sun isa su nuna girman abin da aka cim ma. Akwai wata tawaya a tsakiyar ƙwaƙwalwar jarirai, ta jijiyar Galen, wadda ke jawo jini da yawa har zuciyar jariri ta gaza, kuma a da kusan duk jaririn da ta kama da tsanani a kwanakin farko ba ya rayuwa. Pierre Lasjaunias da abokan aikinsa a asibitin Bicetre kusa da birnin Faris sun nuna cewa toshe ta da gam, mataki-mataki, yana ceton yawancin yaran da aka zaɓa da kyau, a 2023 kuma likitoci a Bostan suka yi irin wannan aiki ga ɗan tayi mai mako 34 tun yana cikin mahaifa. Misali na biyu wata cuta ce ta gado da ke samun kimanin mutum 1 cikin 5,000, wadda alamarta ta farko yawan haɓo ne. Masu ita sukan sami sheƙa a huhu, inda gudan jini ko ƙwayar cuta ke tsallake matatar huhu ta wuce ƙwaƙwalwa, ta jawo shanyewar ɓarin jiki ko ƙurji a ciki. A da sai an buɗe ƙirji an yanke wani sashe na huhu. Yanzu ana toshe ta da waya ta hujin cinya, majinyaci ya koma gida cikin kwana ɗaya ko biyu.

Iyakar Wannan Magani

Zai zama rashin adalci ga mai karatu a nuna masa cewa kateta ta gama da cutar. Wani nazari na marasa lafiya 272 a Bostan, wanda aka buga a 2010, ya tarar sheƙar da ke wajen ƙwaƙwalwa ta sake girma a kashi 98 cikin 100 na waɗanda aka yi wa toshewa kaɗai, da kashi 81 cikin 100 na waɗanda aka yanke wa. Ga mutane da yawa manufar magani ita ce rage zafi, tsayar da jini, da kare ido ko numfashi ko tafiya, sannan a ci gaba da sa ido tsawon rai. Biliyomaisin yana iya barin baƙin tabo a fata, idan kuma aka wuce ƙa'ida yana taurara huhu. Hasken eksire da kansa yana da illa ga yara idan ya yawaita.

Wani lokaci ma barin cutar ya fi taɓa ta. A gwajin ARUBA, wanda aka buga a 2014, an raba manya 223 masu sheƙa a ƙwaƙwalwa wadda ba ta taɓa fashewa ba gida biyu. Cikin kimanin wata 33, mutuwa ko shanyewar ɓarin jiki ta sami kashi 10 cikin 100 na waɗanda aka bari da magani na sha da sa ido, ta sami kashi 31 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aiki, da kateta ko wuƙa ko haske. Masana sun soki gwajin da cewa lokacinsa ya yi gajere ga cutar da haɗarinta ke taruwa shekara da shekaru, kuma muhawarar tana nan. Duk da haka darasinsa a fili yake: da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Bugu da ƙari, gano ƙwayoyin gadon da ke da hannu ya buɗe ƙofar magani na sha. Sirolimas, wanda aka samo daga bakteriyar ƙasar tsibirin Ista, yana rage wasu tawayoyin limfi da na jijiya mai maidowa, a 2022 kuma Amurka ta amince da alfelisib ga masu tsananin cuta mai nasaba da PIK3CA. Duk waɗannan zaɓuɓɓuka, allura ko kateta ko wuƙa ko ƙwaya ko jira, sun rataya a kan amsar tambaya ɗaya, watau wace irin tawaya ce wannan.

Masu Cewa Ba Yanzu Ba

Akwai masu ganin cewa ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da tamowa da ƙyanda ke kashe yara ba ta da hurumin kashe kuɗi a kan cutar da ba ta cika yawa ba. Maganarsu tana da nauyi. Ɗakin hoton jijiya yana da tsada, yana buƙatar wutar lantarki marar yankewa da injiniya mai gyara, kateta da gam da waya kuma duk daga waje ake sayo su.

Sai dai wannan hujja ta haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Yawancin tawayoyin da ke kawo mutane asibiti na jini kwance ne, kuma rarrabe su da yi wa da yawa daga cikinsu allura yana yiwuwa da sikanin da allura da maganin sa barci da biliyomaisin, wanda ke cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da ya fi ƙaranci shi ne hannun da ya ƙware. Haka kuma likitan da ya koyi wannan aiki ba zai zauna jiran masu tawayar jijiya kawai ba. Da dabarar Seldinger zai zuƙe mugunya daga hanta, ya buɗe wa toshasshiyar ƙoda hanya, ya ɗebo samfurin ƙari ba tare da tiyata ba, inda kuma akwai ɗakin hoto ya toshe jijiyar mahaifar da jini ya ɓalle bayan haihuwa, dabarar da aka fara bayyanawa a 1979, alhali zubar jini bayan haihuwa yana kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mata masu jego.

Ƙasar Tanzaniya ta nuna hanya. A 2018 jami'ar Muhimbili da ke Darussalam, tare da haɗin gwiwar jami'o'in Yale da Emory na Amurka, ta buɗe shirin horar da likitocin hoto a gida. Maimakon a tura ɗalibai ƙasashen waje inda da yawa ba su dawowa, malamai ne ke zuwa bi da bi suna koyarwa a kan marasa lafiyar ƙasar da kayan aikin da ke akwai. Likitoci 3 na farko sun kammala a 2021, kuma sun zama masu koyar da na bayansu. Babu abin da zai hana jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, waɗanda duk suna da makarantun likita, su ba irin wannan horo muhimmanci fiye da gina sababbin ɗakuna da za su tsaya babu mai aiki a ciki.

Kammalawa

Kafin a kai ga haka akwai abin da makarantar sakandare za ta iya yi tun yau. Malamin ilmin halittu da ke koyar da zagayen jini zai iya ƙara minti goma ya bayyana abin da ke faruwa idan ginin ya karkace, ya kuma sanar da ɗalibai alamomin da ke hana a sa wa kumburi aska ko ƙaho ko sakiya: wanda aka haifi yaro da shi ko ya bayyana tun yana ƙarami, wanda ke lotsawa ya sake cika, wanda ke ƙaruwa idan an yi kuka ko an sunkuya, da wanda ke da ɗumi yana bugawa. Haƙori mai girgiɗi da dasashinsa ke yawan zubar da jini ba gaira ba dalili shi ma yana buƙatar hoto kafin a cire shi, domin an sha samun sheƙa ɓoye cikin muƙamuƙi, kuma cire haƙori a kanta ya taɓa kashe mutane. Wanzamai suna da daraja a cikin al'umma, kuma wanda aka sanar da shi waɗannan alamomi zai zama na farko da zai tura yaro asibiti. Ɗalibin da ya fahimci asalin tabon da ke fuskar ɗan ajinsu kuma zai daina yi masa ba'a, zai kuma iya kwantar wa wata uwa hankali a gida.

Ga ɗalibai masu tunanin abin da za su karanta, wannan fanni ya haɗa darussan da suke gani a warwatse a jadawalin aji. Sautin Doppler da hasken Rontgen daga fiziks suke, gam da kumfa daga kemistiri, rabon Mulliken da Glowacki kuwa daga madubin ɗakin gwajin ilmin halittu. Aikin yana buƙatar likita da nas da mai ɗaukar hoto da masanin ma'aunin haske da injiniya. Yaran da ke da wannan lalura suna nan a kowace unguwa, kuma abin da ya fi kusa da su kafin kowace babbar na'ura shi ne mutumin da zai duba kumburin, ya san sunansa, ya hana a yanka shi da ka.